Filamban da ya ƙi taɓa tankina sai da ya zama fanko

Tankinmu na lita 2,000 ne, baƙin roba, irin wanda kowa ke kira jipi ko da ba kamfanin GeePee ne ya yi shi ba. Yana zaune a kan ƙarfe mai ƙafa huɗu a bayan kicin, tsayin ya kai ƙafa 20, kuma daga bohol ɗin gida sumo ke tura masa ruwa. Shekara bakwai muna gidan nan a Hotoro, ban taɓa ɗaga kai na dube shi da niyya ba sai ranar da na fito shanya na ji ɗigo a ƙeyata. Babu hadari, babu tsuntsu. Na matsa gefe na ga ƙasan wurin ta yi duhu, har gansakuka ta fara kama gindin ƙarfen. Sati biyu ke nan bayan ƙaramar Sallar 2025, tsakiyar Afrilu, lokacin da zafin Kano ke sa ruwan famfo ya fito kamar an dafa shi.

Baban yara yana wurin aiki a Abuja, sai ƙarshen wata yake zuwa. Da na faɗa masa a waya sai ya ce in nemi kowane filamba, ai ƙaramin abu ne. Na nemi kowane filamba ɗin kuwa, kuma da shi zan fara, don sai an ji nasa za a gane abin da ya sa nake yabon na biyun.

Wani matashi ne mai shago a bakin titi. Ya zo da sauri, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya hau, ya leƙa, ya ce, "Hajiya, noti ne ya saki, yanzu zan ɗaure." Na ce tankin fa cike yake, jiya da dare aka kawo wuta muka cika shi. Ya ce ba komai. Ya sa sifana ya murɗa, ya ƙara murɗawa, sai na ji ƙas. Abin da ke ɗiga ɗaya bayan ɗaya ya koma tsartuwa, ya jiƙe shi sharkaf tun daga wuya har wando. Ya sauko ya aiki yaro wurin mai faci aka yanko masa robar tayar keke, ya naɗe wurin tam, ya karɓi naira 5,000, ya ce gobe zai dawo da sabon kaya. Garin neman gira an rasa ido. Goben ba ta zo ba har yau, wayarsa kuma kullum a kashe take idan ni ce mai kira.

Kwana uku muna tara ruwa da baho a ƙarƙashin tanki. Wata maƙwabciyata da muke islamiyyar Asabar tare ita ta ce akwai wani dattijo da ya yi musu aikin banɗaki, sai dai in shirya haƙuri, don ba ya sauri kuma ba ya ragi. Duk biyun gaskiya ta faɗa.

Ya ce zai zo da hantsi, bai iso ba sai bayan azahar, a kan tsohon babur, da yaro ɗaya a baya riƙe da buhun kayan aiki. Ya yi sallama a ƙofa ya tsaya har sai da na sako hijabi na ce a shigo. Dattijo ne siriri mai furfura a gemu, zai yi shekara 60. Ya hau tsani a hankali, ya shafa robar da aka naɗa, ya taɓa bawul ɗin da ke ƙasanta, wato makullin ruwan, ya gwada murɗa shi, ya sauko. Buhun nan ko buɗe shi ba a yi ba. Sai tambayoyi: yaushe kuka yi famfin na ƙarshe, ku nawa ne a gidan, akwai hita a banɗaki, sumon da hannu ake kunna shi ko shi ke tashi da kansa idan ruwa ya yi ƙasa, duro nawa gare ku.

Na ce, "Baba, ni dai yoyon nake so a tsayar."

Ya ce, "Hajiya, abin da ya fashe yana saman makulli ne. Da a ƙasan makulli yake, da na rufe na gyara miki yanzu na tafi. Wannan kuwa jikin tankin ne, babu abin da ke tsakaninsa da ruwa. Makullin ma ya ci tsatsa, ba ya rufuwa duka. Sai tanki ya zama fanko."

Nan na fahimci inda matsalar take. A gindin tanki akwai wani soket da ke ratsa jikin robar, rabinsa a ciki rabinsa a waje, kowane ɓangare da zoben roba da ke matse shi, sannan noti ya ɗaure su. Daga nan bututu ke fita, sai bawul, sai ya gangaro ya rarrabu cikin gida. Robar soket ɗin ce rana ta cinye tun farko, matashin nan kuma ya zo ya fasa notin. Ba a canja soket sai mutum ɗaya yana ciki ya riƙe, ɗaya yana waje yana ɗaurewa. Ni malamar lissafi ce a firamare, don haka da ya ce tan biyu ne a saman kaina ban yi musu ba: lita ɗaya kilo ɗaya ce, lita 2,000 kilo 2,000. Duk nauyin nan neman ƙofar fita yake, shi kuma wancan ya je yana murɗa ƙofar.

Na ɗauka zai ce a buɗe famfo a bar ruwan ya bi kwata. Na ma fara lissafin asarar a raina, domin jarkar 'yan garuwa lita 25 ce, cikin tankin nan jarka 80 ke nan, a lokacin kuma naira 150 muke sayen ɗaya a layinmu idan an daɗe ba wuta. Sai ya ce ba yau zai yi aikin ba. Daga yanzu kada a sake kunna sumo, ya je da kansa ya kashe suwic ɗin ya manna tef a kai don kada yara su manta. Mu ci gaba da amfani da ruwan kwana biyu, duk wankin da aka tara a yi shi, labule, zannuwan gado, dardumar falo. Ranar Laraba da yamma a cika randa da duro da duk wani bokiti mai murfi, saboda ranar aikin gidan zai wuni babu famfo. Shi kuma zai zo Alhamis bayan asuba, kafin rana ta ɗaga, don yaron da zai shiga ciki kada ya dahu.

Raina bai so ba. Kwana biyu kuma ina juye baho. Amma dai na yi yadda ya ce, labulen da tun kafin azumi nake cewa za a wanke shi ya samu shiga.

Alhamis ɗin ya makara, amma da awa ɗaya kacal, ƙarfe bakwai yana ƙofar gida. Abin da ya fara yi shi ne shiga banɗaki ya kashe hita daga bango, ya ce idan hita ta rasa ruwa tana kunne, ƙarfen da ke dafa ruwan ƙonewa yake yi nan take, kuma wannan wani kuɗin ne daban. Ya sa yaron ya hau ya buɗe murfin tanki. Saura wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Ya zo famfon tsakar gida, wanda ya fi kowane famfo ƙasa a gidan, ya sa masa tiyo, ya ce in aika a gaya wa maƙwabta duk mai son ruwa ya kawo mazubi. Kafin a ce me, almajiran makarantar allon da ke bayanmu sun yi layi da jarkoki da robobin fenti. Aka cika wa matar da ke tuyar ƙosai a bakin layi duronta. Shi yana zaune a kan bulo yana kallon launin ruwan da ke fita daga tiyo, bai ce uffan ba.

Can sai ya miƙe ya rufe famfon, alhali ruwa bai ƙare ba. Ya nuna min cikin bokitin ƙarshe: ya fara sirkawa, kamar an ɗiga masa shayi. Ya ce daga nan kada kowa ya buɗe famfo a cikin gida, kada a ja ruwan masai, domin abin da ya rage laka ce, idan ta shiga bututu za ta je ta toshe kan shawa da bawul ɗin tankin masai, a zo ana neman inda ciwon yake. Ya hau ya yanke bututun daga sama ya karkatar da bakin, ragowar ta zubo ta waje a cikin baho. Wannan hikimar ita ce ta fi burge ni a duk aikin, kuma ban taɓa jin wani ya ambace ta ba.

Ko bayan haka tankin bai zama fanko ba. Bakin fitar ruwa ba a can ƙasa yake ba, yana sama da gindin da kamar faɗin tafin hannu, don haka kullum akwai ruwan da ba ya fita, a nan duk dattin shekaru ke kwanciya. Yaron ya ɗauki tiyo zai sa baki ya zuƙa, dattijon ya daka masa tsawa. Ya karɓa ya nutsa tiyon gaba ɗaya a duro har ya cika, ya toshe baki ɗaya da babban yatsa, yaron ya toshe ɗayan ya hau da shi ya tsoma a gindin tanki, shi kuma ya saki na ƙasa a gindin zogalena. Ruwa ya kama zuba da kansa. Abin da ya fito ba zan manta da shi ba. Da farko ja-ja kamar kunun kanwa, daga baya ya yi kauri, da yashi-yashi a ciki wanda sumo ke ɗebowa daga bohol, da wasu baƙaƙen zare-zare masu santsi. Yana da wari irin na tsohuwar randar da aka manta ba a wanke ba.

Kafin yaron ya shiga sai da suka ɗaure tankin da igiya a jikin ƙarfen ta ɓangare biyu. Na tambayi dalili. Ya ce tanki cike ba abin da ke motsa shi, amma fanko ba shi da nauyin kirki, mutum na motsi a ciki zai iya gocewa, ga kuma iskar farkon damina da ba ta sallama, ya sha ganin tankin da ta ɗauke ta jefa gidan maƙwabta. Yaron ya wanke ƙafafunsa da sabulu, ya zura ta bakin tankin da buroshi da ƙaramin bokiti da tsumma. Ba a yi minti biyu ba muka ji muryarsa tana amsa kuwwa daga ciki: "Baba, akwai ƙadangare!" Ya miƙo shi a cikin bokiti. Ya daɗe da mutuwa, ya yi fari fat ya kumbura, fatar tana saɓulewa. Na tuna da wannan ruwan nake alwala, da shi nake dama wa autana koko, da shi muka yi girkin Sallah. Sai da na koma ɗaki na zauna na ɗan lokaci.

Da na fito dattijon ya sauko da murfin yana juya shi a hannu. Ya tsage daga gefe, tsagar da yatsa biyu za su shige. Ya yi murmushi ya ce, "Ai kin san sai bango ya tsage." Na ce na sani, Baba, ba sai ka ƙarasa ba. Aka ƙara murfi a cikin kayan da za a saya.

Wankin ya ɗauki fiye da awa ɗaya. Bai yarda a sa omo ba, ya ce kumfarsa ba ta ƙarewa, za mu yi sati muna jin ta a shayi. Buroshi da ruwa zalla aka fara yi, ana kwashewa da tsumma ana matsewa a bokiti. Sai da yaron ya fito ya sha iska sannan aka zuba ɗan Hypo a ruwa aka watsa a jikin bangon daga sama da doguwar tsintsiya, aka bar shi ya jima, aka ɗauraye sau biyu. Ya ce ba ya barin yaro a cikin tanki da warin bilic, wurin a rufe yake, numfashi zai iya ɗaukewa. Duk bayan 'yan mintoci kuma sai ya ƙwanƙwasa jikin tankin ya kira shi, sai ya ji ya amsa.

Ga inda muka ɗan saɓa. Na so in ba ɗan ƙanena kuɗi ya je kasuwar Ƙofar Ruwa ya sayo kayan, don ina da tabon na farko. Dattijon ya ce shi ba ya aiki da kayan da bai zaɓa da hannunsa ba, idan na nace to in nemi wani. Haka ya faɗa, babu kwana-kwana, a gaban yarana. Na ji haushi. Ya tafi da kansa, ya bar mu da fankon tanki da yaronsa yana gyangyaɗi a inuwa har kusan awa uku. Da ya dawo ya zube kayan a kan tabarma ya miƙo min rasit ba tare da na tambaya ba: soket na inci ɗaya, bawul mai hannu, yuniyon, gwiwa biyu, guntun bututu, gwangwanin gam, tef, murfi. Naira 19,500. Na ba shi 20,000, ya ciro 500 daga aljihu ya ajiye a kan rasit ɗin.

Gyaran kansa bai kai minti 40 ba, abin da ya sa na yi dariya ke nan, kwana biyu da rabi ana shiri saboda aikin da bai kai tsawon darasi ɗaya a ajina ba. Yaron ya koma ciki ya riƙe, shi ya ɗaure daga waje da hannu tukuna, sannan ya ƙara da sifana kaɗan, ya tsaya. Ya ce notin roba ba a yi masa ƙarfi, zoben ne ke tare ruwa. Tsohon bawul ɗin da ake ta murɗawa ya cire shi ya sa mai hannu, wanda juyi ɗaya ke rufewa, kuma daga ƙasa ana iya ganin ko a buɗe yake: idan hannun ya bi tsawon bututu a buɗe, idan ya gitta a rufe. A ƙasansa ya sa yuniyon don nan gaba a iya kwancewa ba sai an sa zarto ba. Kafin ya shafa gam sai da ya goge bakin bututun da tsumma har sau uku, ya cusa wani tsumman ciki ya tsotse ɗigon da ke biyowa, domin gam ba ya kama jiƙaƙƙen bututu.

Sannan ya hana a kunna sumo sai bayan la'asar. Ya tafi masallaci, ya ci abincin da na aika musu, ya dawo. Da ya tashi cikawa ma bai cika ba, janareta muka tayar, ruwa ya ɗan haura bakin soket ya ce a kashe. Ya yagi tsohuwar jarida ya naɗa a kan kowace mahaɗa, muka tsaya muna kallon takarda kamar masu jiran sakamakon asibiti. Ba ta jiƙe ba. Aka ƙara ruwa zuwa rabi, ya sake dubawa, sannan ya buɗe bawul ya bi famfunan gidan ɗaya bayan ɗaya tun daga na tsakar gida. Kowanne sai ya yi tari, ya tofar da iska da ruwa a haɗe, sannan ya daidaita. Na ruwan zafi ya bar shi yana zuba har ya daina tarin gaba ɗaya kafin ya yarda a mayar da wutar hita.

Kuɗin hannunsa naira 15,000, har da wankin tanki. Na roƙi ragi ya ce, "Hajiya, Allah ya ba da haƙuri." Shi ke nan. Da yawa za su ce ya yi tsada, ni ma a ranar na ce haka a zuciyata, sai dai idan na haɗa da 5,000 ɗin da na jefar da notin da aka fasa min, na san wanne ne mai tsadar.

Aikin bai fita babu tangarɗa ba. Washegari famfon sinkin kicin ya koma zuba siriri kamar zare. Na kira shi sau shida bai ɗaga ba, ashe wayar a aljihun babur yake barinta idan yana aiki, kuma ba ya bin kira. Sai ranar Asabar ya zo. Ya kwance 'yar ragar da ke bakin famfon, ga yashi cike, ya ce wani ya buɗe famfon nan lokacin da ya hana. Na yi rantsuwa babu wanda ya buɗe. Da daddare 'yata ta biyu ta amsa cewa ita ce, kofi ɗaya ta ɗauraye. Bai karɓi ko sisi ba a wannan zuwan, ko kuɗin mai.

Idan aikin gaggawa ne, bututu ya fashe cikin dare ruwa na shiga ɗaki, ba shi zan kira ba, don ba zan same shi ba. Ba ya kuma lallashi, mai son a yi masa magana mai daɗi zai sha mamaki. Amma duk abin da ya shafi tanki, ko wani gyara da sai an zubar da ruwa kafin a yi shi, ba na jin zan sake bari wani ya hau ƙarfen nan in ba shi ba. Ya ce a riƙa wanke tankin aƙalla sau ɗaya a shekara, in da hali sau biyu, kuma a bar igiyar a ɗaure tunda ba ta cin komai. Tana nan har yanzu, rana ta koɗar da ita. Da Baban yara ya dawo ƙarshen watan ya hau ya duba, jaridar ma tana naɗe a inda aka bar ta, ta bushe ƙayau ta yi rawaya.

Lokacin wankin ya zagayo, tun ranar Litinin nake kiransa. Maƙwabciyata ta ce in daina wahalar da kaina, in aika yaro masallacin layinsu bayan magariba, nan ake kama shi.